Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Baƙuwar Zarra Ke Sauya Halin Sufakondakta

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa sun taru a kan batu guda, wato abubuwan nan da ake kira sufakondakta, waɗanda idan aka sanyaya su ƙwarai wutar lantarki ke ratsa su ba tare da wata turjiya ba, da kuma abin da ke samun su idan wata baƙuwar ƙwayar zarra ta shiga cikin jerin zarrarsu.

Tambaya ta farko, daga wani ɗalibi mai karatun fiziks a jami'a: An koya mana cewa maganaɗisu shi ne babban abokin gabar sufakondakta. To amma na karanta cewa a cikin sufakondakta masu jan ƙarfe da oksijin, zinki, wanda ba shi da maganaɗisu, ya fi nikel ɓarna, alhali nikel yana da shi. Ina gaskiyar take?

Amsa: Abin da aka koya maka daidai ne, abin da ka karanta ma daidai ne, sai dai kowanne da gidan da yake aiki. Domin ka ga inda suka rabu, dole mu fara da tsofaffin sufakondakta. A 1911 Heike Kamerlingh Onnes, a birnin Leiden na ƙasar Holan, ya ga turjiyar zaiba ta ɓace a digiri 4.2 na ma'aunin Kelbin, wato kimanin digiri 269 ƙasa da daskarewar ruwa. Sai a 1957 Bardeen da Cooper da Schrieffer suka bayyana dalili: ilektoron, waɗanda a al'ada ke ture juna, suna haɗuwa bibbiyu ta hanyar girgizar jerin zarra, su zama abin da ake kira tagwayen Cooper. A cikin kowace tagwaye, ɗaya yana tafiya gabas ɗayan yana tafiya yamma, kuma ɗan maganaɗisun da ke jikin kowannensu, wanda za mu kira juyi, yana fuskantar kishiyar na ɗan'uwansa. Kafin a raba su sai an biya wani adadi na makamashi, kuma wannan adadi shi ake kira giɓi. A ƙarafa irin su zaiba da dalma da alminiyam da niyobiyam, giɓin kusan ɗaya ne ta kowace fuska da ilektoron zai nufa, alamarsa ta lissafi ma ɗaya ce. Wannan shi ne tsarin da masana ke wa laƙabi da harafin s.

A 1959 Philip Anderson ya nuna cewa a irin waɗannan ƙarafa baƙuwar zarra marar maganaɗisu kusan ba ta taɓa iyakar zafin da sufakondakta ke aiki a ƙarƙashinta. Hujjarsa ita ce, idan baƙuwar ta karkatar da ɗaya daga cikin tagwayen, ɗan'uwansa zai iya bin wannan karkatacciyar hanya ta baya, don haka haɗin nasu bai lalace ba, kuma tun da giɓin ɗaya ne ko'ina, sabuwar fuskar da suka nufa ba ta fi tsohuwar muni ba. Shi ya sa gaurayen niyobiyam da titaniyam, wanda zarrarsa ke cakuɗe ba tsari, yake aiki har zuwa digiri 9 da ɗoriya, daidai da tsantsar niyobiyam. Baƙuwa mai maganaɗisu kuwa tana yi wa juyin tagwayen biyu aiki daban-daban, har takan kifar da na ɗaya ta bar ɗayan, sai haɗin ya tsinke. Abrikosov da Gor'kov sun yi lissafin wannan a 1960, kuma gwaji ya riga ya nuna cewa kimanin kashi 1 cikin 100 na gadoliniyam ya isa ya kashe halin sufakondakta a cikin lantanam. Darasin da malaminka ya koyar ke nan.

Labari ya sauya da aka gano wani jinsi na daban. A 1979 Frank Steglich ya sami halin sufakondakta a cikin wani haɗi na seriyam da jan ƙarfe da silikon, wanda ke cike da zarra masu maganaɗisu, abin da ba a zata ba. A 1986 Bednorz da Müller, a ɗakin binciken IBM na Zurik, suka gano shi a haɗin lantanam da bariyam da jan ƙarfe da oksijin a wajen digiri 35, shekara guda bayan haka aka kai digiri 93 da haɗin itiriyam da bariyam da jan ƙarfe da oksijin da ake taƙaita sunansa YBCO, wanda ya zarce digiri 77 na ruwan naitirojin. A cikin wannan dangi, lantarkin yana gudana ne a shimfiɗu na jan ƙarfe da oksijin masu kaurin zarra guda, kuma gwaje-gwajen 1993 da 1994, musamman na Tsuei da Kirtley, sun tabbatar da cewa giɓin nasu yana da tsarin d. Siffarsa kamar fure ce mai kunnuwa huɗu: biyu masu fuskantar juna suna da alamar ƙari, sauran biyun suna da alamar ragi, kuma a mahaɗar da ke tsakanin kowane kunne da maƙwabcinsa giɓin ya sauka zuwa sifili.

A nan ne hujjar Anderson ke rushewa. Baƙuwar zarra, ko da ba ta da maganaɗisu ko kaɗan, tana iya ɗaukar tagwayen da ke tafiya ta fuskar ƙari ta jefa su fuskar ragi. Idan irin wannan ya yawaita, abin da tagwayen ke ji shi ne matsakaicin giɓin dukkan fuskoki, kuma idan ka tara ƙari da ragi masu girma ɗaya, sifili za ka samu. Saboda haka a tsarin d kowane irin cikas mai raba tagwaye ne, kuma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ƙarfin da cikas ɗin ke karkatar da ilektoron da shi. Zinki yana zama a gurbin jan ƙarfe a tsakiyar shimfiɗar, kuma da yake ɓawon ilektoron ɗinsa na waje cike yake, ba ya shiga harkar maƙwabtansa. Ga ilektoron mai tafiya, tamkar an toshe gurbin ne gaba ɗaya. Nikel ya fi kama da jan ƙarfe a tsarin ilektoron, don haka karkatarwarsa ta fi sauƙi. A cikin YBCO, kowane kashi 1 cikin 100 na zinki yana rage iyakar zafi da kimanin digiri 10 ko fiye, ɓarnar da ta ninka ta nikel kusan sau uku.

Akwai wani abu da ya ƙara wa lamarin zurfi, kuma a ganina shi ne mafi ban sha'awa a cikinsa. Rukunin Henri Alloul a Orsay ta Faransa, ta hanyar auna amsawar cibiyoyin zarra ga maganaɗisu, sun gano cewa zinki da litiyam, duk da ba su da maganaɗisu, suna sa zarrar jan ƙarfe da ke kewaye da su ta nuna maganaɗisu. Dalili shi ne juyin ilektoron na jan ƙarfe a cikin shimfiɗar yana son jeruwa ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowane yana soke na maƙwabcinsa, to idan aka cire guda, sai na kusa da gurbin su rasa abokin sokewa, maganaɗisunsu ya fito fili. Ka ga ke nan ko batun cewa zinki ba shi da maganaɗisu yana buƙatar gyara da zarar ya shiga wannan gida.

An ma ga abin da ido, idan za a kira hoton na'ura gani. A 2000 rukunin Séamus Davis a Berkeley ta Amurka suka yi amfani da na'ura mai allura wadda bakinta ke shawagi a saman kiristal tana auna ɗan lantarkin da ke tsallakowa, suka ɗauki hoton zarrar zinki guda a cikin wani haɗi mai bismut. Sun sami wani matsayi na ilektoron a cikin giɓin, kusa da tsakiyarsa ƙwarai, mai siffar gicciye mai hannu huɗu, wadda ke maimaita tsarin d, kuma alamun sufakondakta sun dushe a tazarar kimanin nanomita 1.5 daga zinkin (nanomita shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita). Balatsky da abokan aikinsa sun yi hasashen irin wannan matsayi tun 1995. Da aka maimaita gwajin da nikel a 2001, sai aka ga matsayi biyu nesa da tsakiyar giɓin, kuma halin sufakondakta yana nan daram a kan nikel ɗin kansa. Wani ɓangare na hoton zinki bai dace da lissafi mai sauƙi ba, domin hasken ya fi ƙarfi a daidai kan zinkin, inda lissafin ya ce ya kamata ya yi duhu, kuma masana sun yi ta muhawara ko shimfiɗar bismut da ke sama ce ke tace siginar, ko kuwa maganaɗisun da zinkin ya tayar ne ke da hannu.

Tambaya ta biyu, daga wata malamar kimiyya a makarantar sakandare: Idan har gauraye yana kashe su, me ya sa ake cewa waɗannan haɗe-haɗe na jan ƙarfe ba sa zama sufakondakta sai an zuba musu wani sinadari da gangan?

Amsa: Malama, tambayarki ta taɓo wurin da ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Gaskiya ne cewa tsantsar haɗin lantanam da jan ƙarfe da oksijin ba ya wuce da lantarki sam. Kowace zarrar jan ƙarfe tana riƙe da ilektoron guda da ya kamata ya yi yawo, amma turin da ke tsakaninsu ya yi ƙarfin da kowanne ya kafe a gurbinsa, juyinsu ya jeru ɗaya sama ɗaya ƙasa. Idan aka maye gurbin wani kaso na lantanam da sitirontiyam, wanda ke ba da ilektoron biyu a maimakon uku, sai a janye wasu ilektoron daga shimfiɗar, guraben da suka bari su ba sauran damar motsi. A wajen sitirontiyam 0.15 a kowane jan ƙarfe guda, iyakar zafi kan kai kimanin digiri 38, idan aka zarce haka kuma sai ta fara sauka har ta ɓace.

Bambancin yana ga mazauni. Sitirontiyam yana zama ne a shimfiɗun da ke tsakani, a wajen hanyar da lantarki ke bi, don haka aikinsa na farko shi ne sauya yawan ilektoron, karkatarwar da yake yi kuma mai laushi ce, wadda galibi ke ɗan gusar da ilektoron ba tare da ta jefa shi daga kunnen ƙari zuwa na ragi ba. Zinki kuwa a tsakiyar hanya yake, kuma ba ya ƙara ko rage ilektoron. Duk da haka kada a ɗauka na waje ba su da laifi. Hotunan na'ura mai allura sun nuna cewa girman giɓin yana bambanta daga wuri zuwa wuri a tazarar 'yan nanomita, kuma wannan bambanci yana da alaƙa da inda ƙarin oksijin da ake zubawa domin sauya yawan ilektoron ya zauna. YBCO ya yi suna wajen tsabta ne saboda ƙarin oksijin ɗinsa yana shiga wasu sarƙoƙi na daban, inda yake iya jeruwa cikin tsari.

Abin da ya ceci wannan dangi shi ne ƙanƙantar tagwayensu. A alminiyam, tazarar da tagwaye ke mamayewa ta kai kimanin nanomita 1,600, a haɗe-haɗen jan ƙarfe kuwa kimanin nanomita 2 ce kawai a cikin shimfiɗa. Saboda haka baƙuwar zarra tana lalata ɗan kewayenta ne kawai, tsakanin baƙi kuma halin sufakondakta ya ci gaba. Rukunin Uemura sun ba da wannan bayani a 1996 bayan sun auna yadda yawan tagwaye ke raguwa da ƙaruwar zinki, inda suka ga raguwar ta yi daidai da a ce kowane zinki ya huda rami mai faɗin tagwaye guda. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa lissafin Abrikosov da Gor'kov, wanda ke ɗaukar ɓarnar a matsayin shimfiɗaɗɗiya ko'ina, yakan yi hasashen mutuwa da wuri fiye da abin da gwaji ke nunawa.

Tambaya ta uku, daga wani injiniyan lantarki: Na ji masu ƙera wayar sufakondakta suna neman lahani a cikinta. Ashe ba tsabta ake so ba?

Amsa: Mai bincike na son tsabta, mai ƙera maganaɗisu kuwa buƙatarsa daban ce. A cikin wayoyin da ake aiki da su, ƙarfin maganaɗisu yana kutsawa ne a matsayin siraran guguwowi, kuma lantarkin da ke gudana yana tura su gefe. Da zarar sun motsa, makamashi ya fara salwanta, turjiya ta dawo. Lahani shi ke turke su. A wayar niyobiyam da titaniyam, wadda ke cikin injinan ɗaukar hoton jiki na MRI da kuma maganaɗisun babbar na'urar karo da zarra ta cibiyar bincike ta CERN a Turai masu aiki a digiri 1.9, siraran ɓarɓashin titaniyam ne ke wannan aiki. A YBCO, tun 2004 aka nuna cewa zuba haɗin bariyam da zarkoniyam da oksijin yana ƙara yawan lantarkin da waya ke ɗauka a cikin maganaɗisu. Dabarar ita ce a tara lahanin a ƙananan dunƙule ko sanduna masu faɗin guguwar, a bar shimfiɗar jan ƙarfe da ke tsakaninsu lafiya, ko da za a yi asarar digiri kaɗan na iyakar zafi.

Tambaya ta huɗu, daga wani mai shirin digiri na biyu: Shin za a iya gane tsarin giɓin sabon sufakondakta ta hanyar zuba masa gauraye kawai, a ga ko iyakar zafinsa za ta faɗi?

Amsa: Za a iya samun babbar shaida, amma ina jan hankalinka kada ka tsaya a kanta ita kaɗai. Misalin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne haɗin sitirontiyam da ruteniyam da oksijin, wanda Yoshiteru Maeno ya gano halinsa a 1994, mai iyakar zafi ta digiri 1.5. A 1998 Mackenzie da abokan aikinsa suka nuna cewa ɗan gauraye marar maganaɗisu yana kashe shi kwata-kwata, daidai lokacin da tazarar da ilektoron ke tafiya kafin ya yi karo ta ragu zuwa girman tagwaye. Wannan ya tabbatar da cewa giɓin yana sauya alama. Bai faɗi irin tsarin ba, kuma kusan shekara ashirin mafi yawan masana sun karkata ga cewa juyin tagwayen nasa yana fuskantar gefe ɗaya, har sai da wani sabon awo a 2019 ya rushe wannan fahimta. Sakamakon gaurayen yana nan bai canja ba, fassarar da aka jingina masa ce ta faɗi.

Shaidar ta fi ƙarfi idan aka duba abin da ke faruwa ga ilektoron a can ƙasa da iyakar zafi. A tsarin d, da yake giɓin sifili ne a mahaɗai, gauraye kaɗan ya isa ya samar da ilektoron marasa tagwaye ko a sanyi mafi tsanani. Hirschfeld da Goldenfeld sun nuna a 1993 cewa wannan yana sauya yadda zurfin kutsawar maganaɗisu, wato ɗan nisan da maganaɗisu ke shiga daga saman sufakondakta, ke ƙaruwa da zafi, daga tafiya kai tsaye da zafin zuwa tafiya da zafin sau kansa, abin da ya warware saɓanin da ke tsakanin awon kiristal mai tsabta da na siririyar shimfiɗa mai datti. A shekarar kuma Patrick Lee ya yi wani hasashe mai ban mamaki: gauraye yana ƙara yawan ilektoron masu 'yanci, yana kuma gajarta tafiyarsu, kuma a tsarin d waɗannan biyun suna soke juna daidai wa daida. A 1997 Louis Taillefer da abokan aikinsa a Kanada suka auna yadda YBCO ke wuce da zafi a kusa da sifilin Kelbin, suka ƙara zinki har kashi 3 cikin 100, adadin kusan bai motsa ba. A wurina wannan ya fi faɗuwar iyakar zafi nauyi a matsayin hujja, domin da wuya wani tsari daban ya kwaikwaye shi.

Dangin baƙin ƙarfe, wanda Hideo Hosono ya buɗe ƙofarsa a Japan a 2008 da digiri 26, shi ya koya wa masana taka-tsantsan. A nan ilektoron sun kasu rukuni-rukuni, kuma Mazin da abokan aikinsa sun ba da shawarar cewa giɓin yana da alamar ƙari a wani rukuni, ragi a wani. Sai ga shi an zuba kobal a gurbin baƙin ƙarfe, a tsakiyar shimfiɗar da lantarki ke bi, halin sufakondakta ya bayyana a wajen digiri 22. Wasu suka ce wannan ya nuna babu sauyin alama. Amma baƙuwar da ke karkatar da ilektoron a cikin rukuninsa ba ta cakuɗa ƙari da ragi, sai wadda ke tsallakar da shi zuwa ɗaya rukunin, don haka saurin faɗuwar iyakar zafi ya dogara ga rabon waɗannan biyun, wanda ba a sanin shi kai tsaye. Ga kuma matsalar cewa kowane sinadari da ka zuba yana iya sauya yawan ilektoron da tazarar zarra a lokaci guda, ka rasa wanne ne ya jawo abin da ka gani.

Domin kauce wa wannan, masu bincike sukan harbi kiristal guda da ilektoron masu ƙarfin miliyan 2.5 na bolt, kamar yadda ake yi a École Polytechnique kusa da Faris, su ture zarra ɗaiɗai daga gurbinsu ba tare da shigar da baƙon sinadari ba, su auna, su sake harbi, su sake aunawa. Da wannan hanya wani rukuni na Japan ya nuna a 2014, a haɗin bariyam da baƙin ƙarfe da asenik da fosforas, cewa lahani kaɗan ya rufe mahaɗan da giɓin ke sauka sifili, ƙarin lahani kuma ya sake haifar da ilektoron marasa tagwaye. Mataki na farko ya nuna mahaɗan ba irin na tsarin d ba ne, domin waɗancan siffar kiristal ce ta wajabta su kuma gauraye ba ya iya rufe su. Mataki na biyu ya nuna akwai sauyin alama tsakanin rukunai. Idan za ka tsara bincikenka, ka bi wannan sawu: kiristal ɗaya, lahani mai ƙaruwa daki-daki, ka riƙa auna ƙarin turjiyar da lahanin ya kawo a matsayin ma'aunin yawansa, sannan ka haɗa iyakar zafi da zurfin kutsawar maganaɗisu ko wucewar zafi a kan samfurin guda.